Naman Ya Ƙaura Ne, Ko Ya Ƙare?

Kawuna maharbi ne irin na da, wanda bai yarda da farautar gayya ba. Ba za ka gan shi cikin ayarin da ke cika a-kori-kura da karnuka da gorori da makaɗa ba. Shi kaɗai yake fita daga ƙauyenmu da ke kudu da Potiskum, ta wajen Fika, tun kafin kiran assalatu, da tsohuwar harba-ka-ruga da gorar ruwa. Akwai wani tafki da ya sani tun yana saurayi. In rani ya yi nisa, kududdufan daji duk sun ƙafe, wannan ne kaɗai ke riƙe ruwa, dole zabi da mazo da jan biri su zo su sha. Kawu bai cika yawon neman nama ba. Yakan zauna a gindin wata kanya, naman ya same shi.

Ranin da ya biyo bayan daminar 2024, wadda ruwanta ya fasa madatsar Alau ya shafe rabin Maiduguri, ya fi mako yana jelen tafkin nan. Zabi biyu ya samu. Na je gaishe shi na tarar yana goge bindiga a zaure, fuska ba walwala.

"Kawu, yaya daji?"

"Daji ya mutu, ɗan nan. Nama ya ƙare."

Maganar ta tsaya mini, domin a daidai lokacin ina karanta labarin wasu maharba a wata duniyar, masu irin wannan kukan sak, sai dai su ƙanƙara ce ta yaudare su.

A tsaunukan Roki na yammacin Amurka akwai dabbar da ake kira elk. Siffarta ta barewa ce, amma barewar da ta kai ɗan bijimi. Namijin yakan haura kilo 300, da ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, wanda yake zubarwa duk shekara ya tsiro sabo. Macen ba ta da ƙaho, nauyinta wajen kilo 230. Jihar Kolorado ta fi kowace jiha yawansu, kusan 300,000. Lokacin zafi suna can ƙololuwa, wani lokaci sama da mita 3,000, inda ciyawa take ɗanya. In sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta binne ciyawar har tono ya zama wahala, sai matan da 'ya'yansu su haɗu garke-garke, wata tsohuwa a gaba, su gangaro kwari da gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ke narkar da ƙanƙara. Maharbin da ya sami lasisin harbin mace a Nuwamba ko Disamba ya san wannan hanya kamar yadda Bafulatani ya san burtali. Can yake zuwa ya jira. Gindin kanyarsa ke nan.

To, sai a sami shekarar da sanyi ya ƙi zuwa. A 2021 birnin Denba na Kolorado bai ga dusar ƙanƙarar da za a iya aunawa ba sai ranar 10 ga Disamba, alhali mafi jinkirin da aka taɓa rubutawa kafin nan shi ne 21 ga Nuwamba, 1934. Ƙasa ta bushe ƙayau, har ranar 30 ga Disamba gobarar ciyawa ta ci gidaje fiye da 1,000 a kusa da garin Bolda, a tsakiyar lokacin da ya kamata a ce ko'ina fari fat ne. A irin wannan shekara elk ba ta da dalilin saukowa. Abinci na nan a sama, ruwa bai daskare ba, me za ta zo yi ƙasa inda motoci da bindigogi suke?

Asarar maharbi kuwa ba ɗaya ba ce. Ƙanƙara ce ke koro masa naman, ita ce kuma allon da naman ke rubuta masa inda ya bi. Garke ya ratsa da dare, da safe ko makaho ya laluba sawun. Babu ita, sai ƙasa mai tauri da duwatsu. Jikin elk ruwan ƙasa ne, a kan fari ana hango ta daga nisan kilomita, amma a cikin busasshiyar ciyawa sai ta saje. Ga ganye da ƙirare suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, dabbar ta ji ka tun ba ka gan ta ba. Da yawa sukan yi kwanakinsu a kwarin da suka saba, su koma gida suna cewa babu elk a wannan daji.

Waɗanda suke samu su ne masu barin tambayar "ina na same ta bara?" su koma "me take bukata yau?" Dabba ce da ta riga ta sa rigar sanyi, gashi mai kauri ninki biyu, ga shi kuma rana tana dukanta. Zafi ne damuwarta. Don haka sai ta koma gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta cika leƙawa ba, ta kwanta cikin duhuwar itatuwa, ta mai da kiwonta na dare. Maharbi sai ya hau, ya bar mota nesa, ya sami tudu tun duhun asuba ya zauna da madubin hangen nesa yana duba bakin duhuwa, domin 'yan mintocin nan na ketowar alfijir da na faɗuwar rana su ne kawai rabonsa. Yana bin maɓuɓɓuga da ƙorama, inda taɓo zai riƙe sawu. Yana ɗaukar kashin dabbar ya murje: mai laushi da sheƙi na yau ne, wanda ya bushe ya tsage na makon jiya ne. Yana sunsunar makwanci, don garken elk yana barin wari kamar na turken shanu. Yana kuma lura da iska, wadda a tsauni take gangarowa da sanyin safiya, ta juya ta hau in rana ta ɗaga. Sukan riƙe 'yar kwalbar hoda suna fesawa don ganin inda ta nufa. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, domin Kawu toka yake ƙullawa a tsumma, ya girgiza ya ga inda ta bi.

Abin da ƙanƙara take yi musu, rani ne yake yi mana. Ƙishirwa ce ke tara naman dajinmu wuri guda. Shi ya sa mai son ganin giwa da gwanki a Yankari yake zuwa a ƙarshen rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, ba a tsakiyar damina ba. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, kowane kwari da kowace fadama suka riƙe ruwa har cikin rani, ita ce shekararmu ta rashin ƙanƙara. Zabuwa ba za ta yi tafiya mai nisa zuwa tafkin Kawu ba, ga kududdufi a bayan makwancinta. In hunturu ma ya makara, kamar yadda yake yi a 'yan shekarun nan, ciyawa ba ta bushe da wuri ba, sai a rasa wanda zai ga zomo.

Na koma na ba Kawu labarin nan ina jin na zo da sabon ilimi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato sai da Nasara ya faɗa maka ka yarda." Ashe ya riga ni. Tun makon da ya wuce ya daina zuwa tafkin, ya koma bin gindin itatuwa. Ya ce gada ma ai ba ta damu da ruwa ba, ganye da 'ya'yan itace sun ishe ta, don haka mai nemanta a mashaya wahalar banza yake. Gindin kanya da aduwa ake duba ta, musamman inda birai suka kwana suna zubar da 'ya'ya. Sai kuma gawo, itacen nan mai saɓa wa jama'a, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, ya zubo 'ya'yan da akuya da naman daji suke rububi.

Har nan, Kawu da maharbin Kolorado jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma ba na jin wani zai koya wa wani karatun sawu. Inda hanyarsu ta rabu shi ne abin da ya hana ni barci.

Ba'amurken da ya dawo hannu rabbana ya san abu guda tabbas: elk ɗin na nan, shi ne bai same ta ba. Ya sani ne don an ƙirga. Duk shekara ma'aikatan namun daji suna hawa jirgi mai saukar ungulu su zaga, su lissafa maruƙa nawa ne a kan kowace mace ɗari, maza nawa ne, su kuma tambayi maharba abin da suka kashe. Daga wannan lissafi ake yanke yawan lasisin kowane yanki, akasari a raba ta hanyar ƙuri'a. Harbin mace ma da gangan aka tsara shi, don mace ce ke haihuwa: in garke ya fi ƙarfin makiyayarsa sai a ƙara lasisin mata, in ya ragu a rage. Kada a ɗauka tausayi ne ya yi musu yawa. Barbara a Satumba da Oktoba ake yi, saboda haka yawancin matan da ake harbewa a Disamba da ƙaramin ciki suke faɗuwa. Suna kashewa, amma da lissafi.

Ba kuma da wannan hankali aka haife su ba. Kafin zuwan Turawa an ƙiyasta elk ta kai miliyan 10 a nahiyar. Zuwa farkon ƙarni na 20 ba ta kai 100,000 ba, an harbe don nama da fata, har don haƙora biyu da ake yin ado da su. Sai da suka ga ƙarshen abin da idonsu sannan suka ja birki. A 1912 aka keɓe mafakar elk a kusa da Jakson a jihar Wayomin. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsashi don kula da namun daji. Wato maharbi da kansa ke biyan kuɗin ƙirgar abin da zai harba. Yau elk ta koma wajen miliyan ɗaya.

Mu fa? In Kawu ya ce nama ya ƙare, wa zai ce masa ƙarya yake, wa kuma zai ce gaskiya ne? Bana dai ruwa ne ya warwatsa shi, na yarda. Amma gwanki da kanki da dattawa ke ba da labarinsu a wannan yanki ba ruwa ne ya ɓoye su ba. Farin 1973 da na 1984 sun ci rabonsu, gona ta ci nata, gatarin mai gawayi ya ci nasa, sauran kuma farautar gayya ta cinna wa daji wuta ta tare da karnuka, ba a tambayar mace ko namiji, mai ciki ko mai shayarwa. Haɗarin shi ne uzurin yanayi yana da daɗin faɗa. Shekarar ambaliya a ce nama ya watsu, shekarar fari a ce ya yi ƙaura, kuma duk biyun na iya zama gaskiya har ranar da babu abin da ya rage da zai watsu.

Dokoki kam akwai su. Akwai ta namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, akwai ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985. Akwai Gandun Dajin Tafkin Chadi, da mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, inda baƙin tsuntsaye ke sauka daga Turai duk hunturu, kuma can aƙalla akan sami masu ƙirga su. Amma dajin da ke tsakanin ƙauye da ƙauye, inda ainihin farautar talaka take, ba shi da mai lissafi. Abin takaici ma, ba ƙirga ce ba mu iya ba. Je ka kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ka ga yadda ba a loda sa ɗaya a tirela ba tare da wani ya rubuta shi ya karɓi kuɗinsa ba. Abin da ke da mai shi muna ƙirga shi har ƙaho. Na daji kuwa na Allah ne, kowa ya samu rabonsa.

Ba jirgi mai saukar ungulu nake mafarki ba. Maharbanmu suna da tsari, suna da Sarkin Baka, suna da ƙungiyoyi, kuma shekarun tashin hankalin nan sun nuna gwamnati ta san inda za ta same su in tana bukatar wanda ya san daji. Littafi guda a hannun kowane Sarkin Baka, a rubuta abin da aka kashe, mace ko namiji, a wane wata, a wane daji, zai gaya mana cikin shekara biyar abin da yanzu muke gardama a kansa a zaure. Na san wasu za su ce maharbi ba ya tona asirin dajinsa. Gaskiya ne, kuma na Amurka ma ba ya faɗa wa maƙwabcinsa kwarin da ya samu. Adadi kawai yake bayarwa.

Kafin in koma gari Kawu ya ce in raka shi. Muka yi tafiyar kusan awa biyu zuwa wani ɗan kwari da geza da sabara suka rufe, da wata aduwa a gefe. Ya durƙusa, ya share ganye da bayan hannu. Ga sawu nan ƙanana masu tsini, kamar an dangwala da kan wuƙa, da ɗan tarin kashi baƙi wanda bai gama bushewa ba. Ya murje ɗaya a yatsa, ya sunsuna.

"Ta jiya da dare ce. Mace."

"Yaya aka yi ka sani, Kawu?"

Ya nuna mini wani sawun a gefe, wanda bai kai rabin na farko ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe, ya girgiza tsumman tokarsa, ya ga iska ta juya tana kai warinmu cikin gezar.

"Shekarar da aka haife ka," in ji shi, "a wannan kwarin ba ka iya raba sawun wata da na wata."

Ya gyara ratayar bindiga, muka kama hanyar gida tun rana ba ta yi zafi ba.