Zuwa ga Masu Tantance Tsofaffin Rubuce-rubucen Malamanmu

Malamaina da 'yan'uwa,

Daga Mubi nake rubuto muku kan amanar da ke wuyanku: sunan da kuke ɗora wa takardar da ta zo ba sunan mai ita.

Gafakar malaman Adamawa cike take da waƙoƙin ajami na Fulatanci da Hausa. Da zarar waƙa ta yi armashi, sai a jingina ta ga Shehu Usmanu ko Nana Asma'u. Ta haka haƙƙin modibbon ƙauye ke salwanta, shi kuma Shehu a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ko waƙar da aka san asalinta tana buƙatar bayani: Shehu ne ya tsara Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa.

Masu nazarin zane-zanen Italiya sun sha wannan fama. Giovanni Morelli, wanda ya rasu a 1891, ya koya musu duban yadda mai zane ke fitar da kunne da yatsu, domin nan ne hannu ke bin sabonsa, mai kwaikwayo kuwa ba ya kula. A 1899 kuma Bernard Berenson ya tara wasu zane-zane ya ƙago musu mai zane, ya raɗa masa Amico di Sandro. Daga baya ya janye, aka mayar da yawancinsu ga Filippino Lippi. Ƙago marubuci ɓarna ce, daidai da danne shi.

Don haka gani ya kori ji. Ku ɗaga takarda ga haske. Tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya, irin na gidan Galvani masu yin takarda, lokacin kwafi yake nunawa, ba lokacin tsara waƙa ba. Ku karanta ƙarshen rubutu a tsanake, ku warware ramzin shekara, ku bambance sunan mai kwafi da na mawallafi. Ku lura da hannu, Barnawi ne ko na Kano, da karin harshen mawaƙi. Ku tambayi magada daga wa kakansu ya karɓi karatu.

In hujja ba ta cika ba, ku rubuta cewa ba a san mai ita ba tukuna. Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan Mubi kundinku za su dogara da shi, kuma kuskuren da ya shiga kundi yana da wuyar fita.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Mubi