Tafiyar Guwanzu: mu lissafa kwanaki kafin mu biya tikiti

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, kafin mu tafi ƙasar Sin saro kaya, mu zauna mu yi lissafi. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa birnin Guwanzu ya haura kilomita 11,000, kuma babu jirgin da ke kai mu can kai tsaye. Wanda ya bi ta Adis Ababa zai yi kusan awa 6 a sama, ya sauka ya jira wani jirgi, sannan ya ƙara wajen awa 10. Ɗan Maraɗi kuwa sai ya fara cin sama da kilomita 600 a mota. Agogon Sin ya riga namu da awa 7, shi ya sa ranar farko gajiya da barci ke cinye ta.

Da yawanmu mukan zaɓi tikiti mafi arha, ko da za mu kwana a filin jirgi. To, arha ba ta ado. Duk kwanan da muka ɓata a hanya, shago ba mai shi, jari yana kwance. Mu tambayi mai sayar da tikiti awa nawa ne jiran, kafin mu ƙirga masa kuɗinmu.