Idan Mudu Ya Karkace, Wa Za a Zarga?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa ganin gawa a bakin titi ba zai ji tausayin direban da ya sha ya yi tatul, sannan ya kama sitiyari ba. A Amurka kaɗai, mutane fiye da 13,000 ne suka rasa rayukansu a shekarar 2022 a haɗurran da giya ke da hannu a ciki. Saboda haka idan aka ji kotu ta sallami irin wannan mutum don wai ɗan sanda ya yi kuskure, sai rai ya ɓaci, a ce lauyoyi sun sake yin halinsu. Mu kuwa muna ganin ba lauya ya kamata a la'anta ba. Wanda ya zo kasuwa da karkataccen mudu, shi ya ɓata ciniki.

Bari mu fara da yadda shari'ar take a can. A kusan dukkan jihohin Amurka, laifi ne mutum ya yi tuƙi idan giyar da ke cikin jininsa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari. Jihar Utah ce ta rage zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Galibi da na'urar da ake hura wa numfashi ake auna wannan, kuma lambar da ta nuna ita ce babbar shaida. Da yawa daga waɗanda ake tuhuma, da sun ga lambar, sai su amsa laifi ba tare da jayayya ba. Ke nan 'yancin mutum da lasisinsa da aikinsa duk sun rataya ga ingancin na'ura da amanar mai sarrafa ta.

Dalili ke nan da ya sa aka gindaya ƙa'idoji. Tun 1979 Kotun Ƙolin Amurka ta hana ɗan sanda tsayar da mota haka kawai don ya ga dama. Dole ya zama yana da dalilin zargi. Haka kuma a jihar New Jersey sai an zuba wa mutum ido na minti 20 kafin ya hura, domin idan ya yi gyatsa ko amai, giyar da ta dawo baki tana sa na'ura ta nuna fiye da abin da ke cikin jini. Ita kanta na'urar ana daidaita ta lokaci-lokaci da wani ruwa mai sanannen adadin giya, wanda ake ɗumamawa zuwa digiri 34, kwatankwacin ɗumin numfashin ɗan Adam. Idan zafin ruwan ya kauce, awon ma ya kauce.

To, a nan ne aka yi abin kunya. A New Jersey an zargi wani sajen 'yan sanda da tsallake matakin tabbatar da zafin wannan ruwa da ingantaccen ma'auni. A watan Nuwamba na 2018 babbar kotun jihar ta yanke cewa gwajin mutane 20,667 da aka yi da na'urorin da ya daidaita ba abin dogaro ba ne. Matar da ta kai ƙarar ta riga mu gidan gaskiya kafin a yanke hukuncin.

Na jihar Massachusetts ya fi wannan muni, don ya wuce sakaci ya kai ga rufa-rufa. A 2017 asiri ya tonu cewa ofishin gwajin giya na 'yan sandan jihar ya ɓoye wa lauyoyi ɗaruruwan takardu masu nuna lokutan da na'urorin Alcotest 9510 suka faɗi gwajin daidaitawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Afrilu na 2023 babbar kotun jihar ta ba mutane wajen 27,000, waɗanda aka gwada tsakanin 2011 da 2019, damar neman a sake duba shari'arsu.

Mun san abin da wasu za su ce: ai cikin waɗannan dubbai akwai mashaya na gaske, waɗanda za su sha da ƙyar su koma kan titi. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma wa ya buɗe musu ƙofa? Tun da mudun ya karkace, babu alƙalin da zai iya rarrabe wanda ya bugu da wanda na'ura ta yi wa ƙage. In kotu ta rufe ido ta karɓi irin wannan shaida, ta koya wa ɗan sanda cewa ganganci ba shi da sakamako, gobe kuma sai ya ƙara. Lauyan da ya nemi ganin takardar daidaita na'ura bai zalunci waɗanda aka kaɗe ba. Wanda ya ƙi yin aikinsa, shi ya zalunce su, ya kuma zalunci marar laifin da aka ɗaure.

Kada mu ɗauka wannan labarin wasu ne can nesa. A nan gida ma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna amfani da irin waɗannan na'urori. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shar'anta a nuna cewa kwamfuta tana aiki daidai kafin a karɓi takardar da ta fitar. Cikinmu akwai lauyoyi da alƙalai da hafsoshin 'yan sandan gobe. Duk ranar da aka ajiye muku lamba a kan tebur aka ce ga shaida, ku tambaya: wa ya daidaita na'urar, yaushe, kuma ina takardar?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai son ganin mashayin direba a kurkuku, shi ya fi kowa cancantar matsa wa ɗan sanda lamba ya riƙe mudunsa daidai.