Maraɗi Ta San Taurarin Kano, Kano Ba Ta San Na Maraɗi Ba

Ranar kasuwa a Gwarzo ko a Kabo, rumfar masu tura fim a waya ba ta rabuwa da samari. Kowa ya miƙa wayarsa da 'yan canjinsa, a cika masa ita da Labarina, da fassarar Indiya, da waƙoƙin Hamisu Breaker da Umar M. Shareef. A gidan kallon ƙwallo kuma, yaron da bai taɓa wuce Kano ba zai jero 'yan wasan Arsenal har da na benci. Amma a ce ya faɗi sunan ɗan fim ɗaya ko mawaƙi ɗaya da ke zaune a Maraɗi ko Damagaram yana sana'arsa a can, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Maraɗin nan kuwa ta fi Abuja kusa da Gwarzo. Sarakunan Katsina da jihadi ya tasa ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai mulkinta. Iyakar da ta raba ta da 'yan'uwanta, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Tun daga nan ɗan wannan gefen ya shiga aji da Ingilishi, na wancan gefen da Faransanci. Wanda ya yi suna a nan idonsa na kan Legas da Landan, na can kuma Wagadugu da Paris yake hange.

Sai dai rabuwar ba ta zo daidai ba, kuma nan ne abin kunyar yake. Nijar ta buɗe wa Kannywood ƙofa tun zamanin kaset, tun finafinai irin su Sangaya. A Yamai da Tawa da Agadas an san Ali Nuhu da Adam A. Zango kamar 'yan unguwa, mawaƙan Kano na zuwa can wasan Sallah su cika fili. Kano kuwa ba ta sanin ɗan Nijar sai ya tattaro kayansa ya tare a cikinta. Fati Nijar daga Maraɗi ta fito, amma a situdiyon Kano muryarta ta samu kasuwa. Rakiya Moussa sai da ta shigo Kannywood aka san fuskarta a nan. Hadiza Gabon, haihuwar Libreville, da Faransancinta ta zo, sai da ta ƙware a Hausa kafin a karɓe ta. Duk sun cancanci yabo. Wanda ya zauna a gida kuwa, komai gwanintarsa, ba ya cikin lissafi.

Asarar da ake yi ba kaɗan ba ce. Kannywood ta fara da Turmin Danya a 1990, alhali tun 1972 ɗan Nijar, Oumarou Ganda, ya zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu. A 1987 kyautar ta tafi ga fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda aka gina kan littafin Abdoulaye Mamani. Labarin Sarauniya Mangu ne ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da garuruwa ke watsewa don tsoronsu. Jaruma ce ta ƙasar Hausa, an tafa mata a manyan silimomin duniya, amma 'yan matan sakandare a Getso da Garo sun fi sanin sarauniyoyin finafinan Indiya a kanta.

Haka Aïcha Macky, 'yar Damagaram. A 2021 ta fitar da fim ɗin Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara da zaman banza ya jefa cikin daba. Da Hausa suke magana daga farko har ƙarshe, kuma damuwarsu ita ce damuwar duk uban da ke da saurayi marar aikin yi a yammacin Kano. Turawa sun kalla da fassara a ƙasan allo. Waɗanda ba sa buƙatar fassarar ko labarinsa ba su ji ba.

Labarin Mdou Moctar ya fi ban takaici. Makaɗin jitar nan na Abzinawa a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu suka ratsa Sahara, yau yana wasa a Amurka da Turai. Situdiyon Arewa ce ta fara ɗaukar muryarsa, Arewa kuma ba ta waiwaye shi ba.

Uzurin da aka saba kawowa shi ne harshe: ai mu ba ma jin Faransanci. Wannan uzuri ba ya tsayawa da ƙafarsa. Mutanen Kabo ba sa jin Indiyanci, amma situdiyon fassara ta Algaita da ire-irenta sun mayar da jaruman Indiya Hausawa, har yara na kwaikwayon maganarsu a hanyar makaranta. Kasuwar da ta iya ɗauko fim daga Mumbai ta sa masa Hausa, ba za a ce na Yamai ya gagare ta ba. Gaskiyar magana ita ce akwai raini. Ɗan Nijar ɗin da aka saba gani a garuruwan nan ɗan cirani ne: mai shayi, mai ga-ruwa, mai tallan dabino. Sana'o'i ne na halak, amma an ɗauka iyakar ƙasar ke nan. Idan ya yi magana a yi wa karin harshensa dariya, a wasu finafinan barkwanci ma shi ne abin tsokana. Mutumin da ya tashi da wannan kallo ba zai yi zaton ƙasar tana da gwanayen da zai koya daga gare su ba.

Masu sana'ar fim su ma suna da nasu kason. Ana rubuta fassarar Ingilishi a ƙasan finafinan Kannywood don a shiga gasar AMVCA ta Legas, amma da wuya a ga ta Faransanci, wadda za ta kai fim ɗin Wagadugu da Yawunde da Abijan. 'Yan boko na Nijar kuma da yawa da Faransanci suke tallata aikinsu a Facebook, ko da aikin na Hausa ne, sai sanarwar ta wuce ɗan Najeriya bai san an yi ba.

Yanzu dama ta samu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka wata da watanni, talakawan gefen biyu suka ɗanɗana kuɗarsu, suka kuma gane irin yadda rayuwarsu ta sarƙe. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabuwar dokarta kuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ko mutum yana goyon bayan sojojin Yamai ko ba ya yi, wannan mataki ya nuna harshen da makwabtan suke so a yi musu magana da shi.

Abin da ya rage aiki ne mai yiwuwa. Tashar Arewa24 da gidajen rediyon Kano za su iya ware lokaci kowane mako ga mawaƙa da finafinan Nijar, su riƙa kawo kokawar takobi da ake yi a can tun 1975, wadda ta fito da zakaru irin su Issaka Issaka na Doso. Masu fassara su nemi izinin Sarraounia su sa masa Hausa. Hukumar finafinai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun 2024, ta haɗa furodusoshin Kano da na Damagaram a fim ɗaya, kowa da garinsa da karin harshensa. Jami'ar Bayero, da ke bakin titin Gwarzo, ta gayyato Aïcha Macky ta nuna Zinder, sannan ɗalibai su ɗauki majigi su kai shi Rimin Gado da Kabo da Gwarzo, iyaye da samari su kalla tare.