Bashin Taki da Kwanciyar Rai

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, lokacin biyan rancen taki ya zo. Amma akwai waɗanda tun ambaliyar 2022, da ta cinye gonaki a bakin kogin Binuwai, ba su farfaɗo ba. Mai irin wannan bashi ba ya barci. Yakan daina zuwa taro, daga nan sai sujada, don kada su haɗu da ma'aji a ƙofar majami'a.

A ganinmu, karanta sunayen masu bashi a gaban jama'a ba daidai ba ne. Ku duba Matiyu sura 18: bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya shaƙe abokinsa saboda dinari 100, ladan aikin kwana 100 ke nan. Mu ma ta wurin alheri Allah ya karɓe mu, ba don mun biya ba. Salamarmu daga nan take.

Gaskiya kuɗin ƙungiya amana ne, har da na gwauraye a ciki. Ba mu ce a share bashi ba. Dattawa biyu su je gidan mutumin, su yi addu'a tare, a raba masa biya kaka biyu ko uku. In babu kuɗi, a karɓi buhun dawa.