Sharhi: Ƙurar da ido ba ya gani a Kalambaina



Tun shekarar 1967 ake gasa dutse a Kalambaina da ke Jihar Sakkwato ana fitar da siminti. Masana'antar tana hannun kamfanin BUA yanzu, kuma sashen da aka buɗe a watan Janairun 2022 shi kaɗai yana iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Alheri ne babba, gidaje da yawa da shi suke ɗora tukunya. Sai dai duk inda ake fasa dutse, ana hura wuta mai zafin digiri 1,450, tireloli suna kai da kawo dare da rana, haƙƙin maƙwabta ne su san irin iskar da suke shaƙa.

Ƙurar da ke kwanciya a kan kwanon rufi da ganyen dawa tana da sauƙi, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mugunyar ita ce wadda masana ke kira PM2.5, wadda girmanta bai wuce kashi 1 cikin 400 na milimita ba. Takan kutsa har ƙuryar huhu, wata ma ta shiga jini, ta ta da kumburin da ba ya lafawa. A bakin kowane zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani ɗan murfi, telomiya, kamar ƙullin da ake yi wa igiya don kada ta warware. Da shekaru yake raguwa, amma bincike ya nuna gurɓatacciyar iska tana da hannu wajen saurin cinyewarsa. Sai jiki ya riga mai shi tsufa.

Batun cutar daji kuwa, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa ta a 2012, ta ƙara da gurɓatacciyar iskar waje a 2013. A 2023 masu bincike a Landan suka nuna yadda ƙurar PM2.5 take tayar da gurɓatattun ƙwayoyin da suka daɗe kwance a huhu, har a jikin wanda bai taɓa kunna taba ba. To ina ga direba ko lebura da ke shaƙarta, ga kuma hazon hunturu a kai?

Wannan cuta takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, don haka tun yanzu ya kamata a soma awo. Hukumar kiyaye ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, da ma'aikatar muhalli ta Jihar Sakkwato su kafa na'urorin auna iska a Kalambaina da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Wamakko, a riƙa sanar da jama'a sakamakon. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya riƙa rubuta unguwa da sana'ar duk mai ciwon huhun da aka kai masa.