Baƙo Raɓa Ne, Shara Kuwa 'Yar Gari

Malamai da fatake sun sani, kowace shekara in watan Rabi'ul Awwal ya kama, Daura takan cika maƙil da baƙi saboda Sallar Gani. Waɗansu daga Kano da Katsina, waɗansu daga Damagaram ta hanyar Kwangwalam. Su kalli hawan Sarki, kana su ziyarci Rijiyar Kusugu, inda tarihi ya ce Bayajida ya kashe macijiya. Mai masauki ya samu, mahauci ya samu, baduku da mai tuwo su samu. Wannan alheri ne, Allah ya ƙara.

Amma baƙo raɓa ne. In an watse, riba ta shiga aljihu, ledar ruwa da ta tsire kuwa ta zauna cikin gari. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Takan toshe magudana, damina ta zo ruwa ya kwanta gindin katangar talaka, sauro ya yawaita. Sa ya haɗiye ta ya rame, a kai shi kasuwar Mai'aduwa a taya shi da wulaƙanci. Ashe mai cin riba dabam, mai ɗaukar hasara dabam, alhali kuwa shari'a ta hana mutum ya nemi amfaninsa da cutar maƙwabcinsa.

Ƙasashen da ke cin abinci da baƙi sun farga. Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sawu a 2017, domin baƙo ba ya komawa garin da ya ga ƙazanta. Ga shi a 2021 aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura za ta bi. Yadda hanya ke ƙara ciniki, haka take ƙara juji.

Saboda haka ya kamata shugabannin kasuwa su yanka wani abu daga cinikin Gani domin biyan masu shara. Ƙaramar hukuma ta ajiye kwandunan shara daga ƙofar fada har Kusugu. Mahauta su koma naɗe tsire a takarda, mai cefane ya riƙa zuwa da kwandonsa. Malamai kuwa su sa wannan magana cikin wa'azin Mauludi, gama tsafta cikon addini ce.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya yi wa kasuwa albarka.